Teburin Bahaguwa

"Ɗakina ne wannan..."

Auta ta faɗa a hankali, idonta kafe a kan waya. Yayarta da ke ninke kayan wanki a bakin gado ta tambaye ta wane ɗaki kuma, ita da ko kusurwa ba ta mallaka ba a gidan nan in ban da teburin guga. Auta ta miƙa mata wayar.

Hoto ne. Aminiyarta ce, wadda ta shekara huɗu tana buga mata littattafanta a kwamfuta, zaune a gaban wani tebur mai sheƙi, ƙafa ɗaya kan ɗaya, tana murmushi har da fari da ido. A ƙarƙashin hoton ta rubuta: "Ɗakin rubutuna ya kusa kammaluwa, ku taya ni addu'a."

Babu katako ɗaya a ɗakin nan da Auta ba ta sani ba. Ita ta zaɓi fentin bangon, ruwan madara. Ita ta ce kantocin littattafai uku take so. Kujerar da aminiyar ta hakimce a kai kuwa ta marigayi mahaifin Auta ce, da hannunta ta kai wa Kafinta ya sake mata yadi.

Kafinta! Shekara biyu ke nan da ya zo gyara musu ƙofar kicin ya tarar da ita duƙe a kan teburin guga tana rubutu, takardu warwatse a gado da ƙasa da cikin kwali. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce in ta ci gaba a haka bayanta zai ƙare kafin littafin ya ƙare. Ta ce ina ruwansa. Bayan wata shida ruwansa ya zama har da tsaki, domin shi ne ya sa tef ya auna daga ƙasa zuwa gwiwar hannunta, yana tsokanarta da Bahaguwata. Shi ya koya mata cewa mai rubutu da hagu haske daga dama yake so, in ba haka ba inuwar hannunta ce za ta riƙa rufe mata abin da take rubutawa. Saboda haka ya fasa bango ya sauya wa taga wuri, a benen da ke saman shagonsa inda za su zauna bayan aure. Yana goge katako tana karanta masa babi, in ta kashe wanda yake so a labari ya ajiye aiki ya ce ya yi yaji.

Ummansa ce kaɗai ba ta so ba. Ta ce mai rubutu ba ta da ciki, wata rana za su wayi gari su ga kansu a littafi. Ya yi ta roƙo da ban baki har ta ce ya je ya yi, amma ba da son ranta ba.

Sai ga shi wata uku da suka wuce ya yi ɓatan dabo. Saƙo ɗaya ya turo: "Na samu takardarki. Allah Ya ba ki wanda ya fi ni." Ta kira ya fi sau hamsin, ya toshe layinta. Aminiyar ce ta zauna tana share mata hawaye, tana cewa ta bincika, wata ya samu, ta share shi kawai ta kama mutuncinta. Ashe ita ce watan.

"Wallahi sai na rama."

Yaya ta ce ta sa takalmi ta je ta tambaye shi ido da ido, magana ce ta minti goma. Auta ta ce ko ƙafarta. Ba za ta je ta yi wa namiji kuka a ƙofar shago ba, tana da abin da ya fi kuka ciwo.

Ta jawo teburin guga ta ɗauki biro.

Babi talatin ta yi, kullum ɗaya, tana sakin su a zauren masu karatunta na intanet, mata sun fi dubu ashirin. Labarin wani kafinta maci amana ne, da wata ƙawa mai ido a kwanon mutane, da wata uwar miji. Ba ta taɓa rubutu da ya zo mata da sauƙi irin wannan ba. Ta wanke kafintan tas, ta yi wa ƙawar tsirara, masu karatu na ta ihu suna a ƙara. Da ta zo babi na goma sha tara ta ji har yanzu zuciyarta ba ta yi sanyi ba, sai ta miƙa hannu ta ɗauko abin da bai kamata ta taɓa ba.

Wata rana yana shafa wa teburin mai, Kafinta ya gaya mata abin da bai taɓa gaya wa kowa ba. Bayan rasuwar mahaifinsa kan Umma ya taɓu na shekara guda. Takan fita ba takalmi ta tsaya a tashar mota tana jiran mijinta ya sauko, shi yake zuwa ya riƙo hannunta ya dawo da ita. Da ta warke suka bar unguwar don kada a riƙa nuna ta. Yana faɗa yana share ido da bayan hannu.

Auta ta saka shi duka, har da rashin takalmin, ta kuma mai da shi abin dariya.

Yaya ta karanta ta shigo, ta ce ta ji tsoron Allah ta cire babin nan. Auta ta taɓe baki ta ce ai ba ta kira sunan kowa ba, wanda ya ji zafi shi ya san abin da ya yi.

Washegarin babi na ƙarshe ta ci kwalliya ta nufi shagon, don karɓo kujerar mahaifinta, don kuma ta ga yadda ramuwarta ta zauna a fuskarsa. Ta same shi yana yanka katako. Ya rame, gemu ya taru. Daɗi ya kama ta, ta kuma ji haushin kanta da zuciyarta ta buga da ta gan shi. Da ta faɗi abin da ya kawo ta, ya ɗauki makulli ya yi gaba ta bi shi sama.

Ɗakin ya fi hoton kyau, abin da ya ƙara ƙona mata rai ke nan. Hasken safiya na sauka a kan teburin daidai inda ya ce zai sauka. Ta juyo ta zazzage masa duk abin da ta tara, ta ce ko kunya bai ji ba, ɗakin da aka auna da jikinta ya ɗauka ya bai wa mai buga mata rubutu. Ya ce shi bai bai wa kowa ba. Umma ce ta ba ta makulli, ita ce kuma take matsa masa ya aure ta, tun da yarinyar ta mai da gidansu wurin zuwa.

"Ke kuma da wane baki kike tambayata?"

Ya jawo aljihun teburin ya fito da takarda ɗaya da ta sha ninki. Ya ce aminiyarta ce ta kawo masa, ta ce ita Auta kunya ta hana ta zuwa.

Rubutunta ne, mai kwanciya baya irin na bahagwai.

"Ka yi haƙuri, na gaji da ƙurar katako da alkawarin gobe. Na samu wanda zai fitar da ni daga wannan rayuwar. Kada ka neme ni, kada ka tambaye ni dalili."

Auta ta karanta sau biyu. Ita a rubutun farko ba ta sa wa mutanen labarinta suna, sai an zo bugawa. Lambar shafi kawai take sawa a kusurwar sama. Ta duba kusurwar. An yanke ta da almakashi, tsaf.

Ta ɗaga ido ta dubi kantocin. Littattafanta ne jere, har da sabon da ya fito bayan rabuwarsu, yana cikin ledarsa. Ya saya, ya kasa buɗewa. Ta yage ledar, ta buɗe shafi na ɗari da goma sha biyu ta ɗora masa a hannu kusa da takardar. Wasiƙar da wata yarinya ta rubuta wa saurayinta a labarin ce, kalma da kalma. Ta ma sa wa saurayin sana'ar katako ne don ta tsokani Kafinta ran da za ta karanta masa.

Kafinta ya sulale ya zauna a ƙasa.

"Me ya hana ka tambaye ni?"

"Rubutunki ne, Bahaguwata... na fi sanin sa a kan nawa."

Suna haka suka ji takun takalmi a matakala. Aminiyar ce, rungume da sababbin labule, tana 'yar waƙa. Tana ganin Auta waƙar ta maƙale.

"Ƙawalli, shigo mana. Ai ɗakinki ne."

Auta ta ja mata kujera da kanta, ta dafa kafaɗarta ta zaunar da ita, ta ajiye littafin da takardar a gabanta. Ta ce tunda yanzu ta zama marubuciya, ta karanta musu da ƙarfi, ta fara da duk wanda ta ga dama. Aminiyar ta fara rantse-rantse, ta koma kuka, daga ƙarshe ta shafa wa idonta toka ta ce shekara huɗu tana buga soyayyar wasu, ita ba mutum ba ce? Auta ba ta zage ta ba, ba ta ɗaga hannu ba. Ta ɗauki hoton takardar da na shafin, ta tura su zauren masu karatu tare da hoton nan na ƙafa ɗaya kan ɗaya, ta rubuta abin da ya faru a layi huɗu. Kafin aminiyar ta kai ƙasan bene wayarta ta fara ruri. Auta ta bi ta da labulenta ta taga.

Ta juyo bakinta har kunne. Kafinta ya ce ta bar kujerar, zai kawo mata da kansa.

Kwana huɗu ta yi ba ta taka ƙasa don murna. A rana ta biyar da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gidansu, ba kujera kaɗai ta ɗauko ba, har da teburin da kantocin da gwangwanin fenti. Ashe Kafinta ya yi waya da Yaya, ta kwashe tarkacen ɗakin ajiya. Wuni ya yi yana aiki. Ya shafe bango, ya kafa kantoci, ya yi ta juya teburin har sai da ya dace da tagar. Ya shimfiɗa ƙaramar darduma inda ƙafarta za ta sauka, ya ɗaura fitila mai lanƙwasa wuya, ya buga ƙugiya a bayan ƙofa. Auta ta sauya kaya sau biyu, tana kai masa ruwa da shayi, tana kiransa da sunayen da ta yi wata huɗu ba ta furta ba. Yana amsawa a taƙaice, ta ɗauka gajiya ce.

Da ya gama ya ce ta zauna ya gani. Ta zauna. Ya duƙa ya duba gwiwar hannunta da bakin teburin, ya gyaɗa kai, ya fara haɗa kayan aikinsa.

Sai a lokacin abin ya faɗo mata.

"Masoyi... me ya sa ka kawo su nan? Ai can za mu zauna."

Ya rufe akwatin a hankali.

Ya ce matan unguwarsu ma suna karanta ta. Ba su sha wahalar gane kafintan ba, balle uwarsa. Wata ta tari Umma a hanya ta tambaye ta, cikin dariya, ko har yanzu tana zuwa tasha. Sati biyu ke nan Umma ba ta leƙa ƙofar gida ba. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi baki ba. Tambaya ɗaya ta yi masa.

"Ta ce, ‘Kai ka gaya mata?’ Har yau ban iya ba ta amsa ba."

Auta ta zame daga kujerar ta durƙusa. Ta ce za ta goge babin yanzu yanzu, za ta goge labarin duka, za ta je ta kama ƙafar Umma, za ta rubuta neman gafara kowa ya gani. Ta ce zafin rai ne, ta ɗauka ya ci amanarta ne.

"Na sani. Waccan takardar ba ke kika aiko ba, laifina ne da ban tambaye ki ba, ki yafe mini." Ya juyo ya dube ta. "Amma wannan ke kika rubuta. Kina sane, kin san abin da na ba ki ajiya."

"Ka daina sona ke nan?"

"Da na daina da na aiko a kawo miki." Ya ɗauki akwatin. "Ba zan iya kai ki gaban Umma ba, Bahaguwata. Ba zan iya ce mata ta ci abinci daga hannunki ba."

Ta riƙe bakin rigarsa. Ya tsaya bai fizge ba, bai kuma juyo ba, har sai da yatsunta suka gaji suka saki da kansu. Ta ji ya yi wa Yaya sallama a tsakar gida, ta ji ƙarar ƙofa, ta ji motar ta tashi.

Ɗakin ya yi tsit, ga ƙamshin sabon fenti, komai a wurinsa, babu abin da ya rage a ƙara. Wayarta ce kaɗai ke ta motsi a kan teburin, saƙonnin masu karatu na shigowa wani kan wani. Ta jawo ta da ƙyar, hawaye na ɗiga a kan gilashin, ta karanta na sama.

"Anti, wallahi kin burge mu, kin rama har da ƙari! Yaushe ne bikin?"