Rabin Fim da Makullin Kabad

Malamin adabi mutum ne mai tsari, kuma ba ya sauya tsarinsa don kowa. Duk ranar Alhamis, bayan darasi na ƙarshe, yakan sa a turo tsohon talabijin zuwa ajinsu Auta. Sai ya buɗe kabad, ya ɗauko kaset ɗin bidiyo irin na dā, ya goge shi da hankici. Amma rabin fim kaɗai yake nunawa. Sauran rabin sai mako mai zuwa.

Fim ɗin wannan makon tsoho ne, baƙi da fari. Wani mai sayar da tikiti a tashar jirgin ƙasa ya ga wani mutum mai doguwar riga ya sace akwatin magani, ya jefa murfinsa cikin amalanken wani ɗan dako. Aka kama ɗan dako. Ɓarawon kuwa ya zo tagar tikiti, ya sunkuyo, ya ce a hankali, "Kana da 'ya'ya, ko? To, ka kama bakinka."

Ranar shari'a mai tikiti ya iso kotu yana ta gumi. Ya ɗora hannu a kan ƙofa. Daidai nan Malam ya kashe talabijin.

"Haba Malam!" Aji ya ɗauka gaba ɗaya.

Auta ta miƙe tsaye. "Don Allah Malam, zai shiga ko zai juya?"

"Ke da kike tambaya, me za ki yi?"

"Ni? Ai da gudu zan shiga. Wannan mutumin matsoraci ne kawai."

"Madalla," in ji Malam. "Kowa ya rubuto mini shafi ɗaya a kan abin da zai yi. Sai Alhamis."

Auta ba ta iya jira ba. A gida ma an san ta da haka. Ko shayi aka zuba mata, sai ta ƙona harshe kafin ya huce. Ranar nan ta koma gida da fim a kanta. Ta zauna, ta tashi, ta sake zama.

Washegari alli ya ƙare a aji. Monita, wadda ita ce ƙawar Auta kuma abokiyar zamanta, ita ke riƙe da makullin kabad. Tana cikin share allo, sai ta miƙo wa Auta makullin.

"Taimaka ki ɗebo mana alli. Ki rufe da kyau, kin ji?"

Auta ta buɗe kabad. Ga kaset nan kusa da kwalin alli. Ta dubi hagu, ta dubi dama. Ta ce a ranta, aro ne kawai, ranar Litinin zan mayar. Ta zura shi cikin jakarta.

Da rana Umma ta fita unguwa. Auta ta jawo tsohon bidiyonsu daga ƙarƙashin tebur, wanda aka yi shekaru ba a kunna ba. Ta jona wayoyi, ta tura kaset. Hoto ya fara fitowa yana rawa. Ga mai tikiti, ga ƙofar kotu. Sai ɗif, aka ɗauke wuta.

Ta danna wannan, ta danna wancan, kaset ya ƙi fita. Da ta yi haƙuri wuta ta dawo, da ya fito da kansa. Amma tana tsoron Umma ta shigo. Ta sa cokali ta ɓanɓare bakin bidiyon, ta fizgo kaset da ƙarfi. Zaren ya biyo shi kamar hanjin kaza, ya yamutse, ya tsinke.

Ta cusa zaren ciki da yatsa. Ranar Litinin ita da kanta ta nemi a aike ta ɗebo alli, ta mayar da kaset wurinsa, ta rufe bakinta.

Alhamis ta zo. Aka turo talabijin, yara suna ta murna. Malam ya ɗauko kaset, ya sa hankici zai goge, sai tsinkakken zare ya zubo a kan tebur.

"Shekara talatin ina riƙe da wannan kaset," in ji Malam. "Wa ke da makulli?"

Monita ta miƙe. "Ni ce, Malam. Amma wallahi ban taɓa shi ba."

"To aljani ne ya taɓa?" wani yaro ya faɗa daga baya. Aka yi dariya.

"Monitar ɓarna!" in ji wani.

Malam ya ɗaga hannu, aka yi shiru. "Ba na yanke hukunci ina cikin fushi. Gobe da safe, idan ba a sami wanda ya yi ba, zan karɓi makulli, in naɗa wata monita. Kuma ki zo mini da mahaifinki."

Monita ta kifa kai a kan benci tana kuka. Ba ta ko ambaci cewa ta taɓa ba Auta makulli ba. Auta na gefenta, ta ƙura wa littafinta ido, ba ta ganin ko harafi ɗaya.

A gida ta kasa cin abinci. Ta shiga ɗaki, ta fito, ta leƙa waje, ta dawo.

"Ke Auta, ƙaiƙayi ne a kujerar?" in ji Umma. "Tun ɗazu kike kai da kawowa kamar kazar da ke neman wurin yin ƙwai."

"Umma, in tambaye ki mana. Idan mutum bai yi ƙarya ba, shiru kawai ya yi, ya yi laifi?"

Umma ta ajiye ɗinkin da ke hannunta. "Shirun nasa ya cuci wani?"

Auta ta ɗaga kai alamar e. Sai hawaye. Ta kwashe labari duka ta faɗa, har da cokalin.

Umma ta dube ta, ta ce, "Ɗaukar kaset kuskure ne. Tsinka shi ma kuskure ne. Amma barin yarinyar mutane tana kuka a kan laifinki, wannan ya wuce kuskure. Ba zan je in faɗa a madadinki ba. Bakin da ya yi shiru, shi zai yi magana."

"Za su yi mini dariya, Umma."

"Za su yi. Yau ma ai sun yi wa wata."

Da safe Auta ta riga kowa isa makaranta. Ta je ƙofar ofishin malamai, ta wuce. Ta dawo, ta sake wucewa. Can ta hango Monita tafe da mahaifinta, idanunta sun kumbura. Sai Auta ta yi sallama ta shiga.

"Malam, ni ce. Monita ba ta san komai ba."

Malam ya cire tabarau, ya saurare ta har ta gama. "Na karanta shafin da kika rubuto," in ji shi. "Kin ce da gudu za ki shiga."

"Ashe da wuya, Malam."

"Da wuya ƙwarai. Amma kin shigo."

Ya fita da kansa ya ba mahaifin Monita haƙuri. Sannan ya yanke wa Auta hukunci. Za ta nemi gafara a gaban aji, za ta share ajin mako guda, kuma ita za ta kai kaset wurin gyara.

A gaban aji wasu sun yi dariya, amma ba ta daɗe ba. Monita kuwa ta ɗauke kai, ta yini ba ta ce mata uffan ba. Sai da aka tashi, ta ga Auta na fama da shara ita kaɗai, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ko tsintsiya ba ki iya riƙewa ba. Kawo in nuna miki, sarauniyar gaggawa."

Kawun Auta mai gyaran rediyo ne. Ya kwance kaset, ya yanke wurin da ya yamutse da reza, ya haɗa bakin zaren biyu da siririn salatif. "Ɗan guntu ya tafi," in ji shi, "amma zai yi. Gobe ma ki sa cokali!"

Alhamis ta gaba aka kalli sauran fim ɗin. Mai tikiti ya ba da shaida, aka saki ɗan dako, aka kama mai doguwar riga. Yara suka yi ta tafi.

Malam ya juyo ya tambaya, "Wa zai gaya mini abin da ya koya?"

Auta ta ɗaga hannu. "Malam, da na ɗauka mugu shi ne ɓarawon kaɗai. Yanzu na gane, wanda ya san gaskiya ya yi shiru har aka hukunta marar laifi, shi ma ya taya mugu aiki."

"Ku rubuta wannan a littattafanku," in ji Malam. "Kowa na iya yin kuskure. Mutumin kirki shi ne wanda ya fito ya faɗi gaskiya, ko da yana jin tsoro, don kada wani ya sha wahala a kan laifinsa."