Ƙurar Da Ido Ba Ya Gani

"Ko ki ajiye taurin kan nan, ko ki ajiye zoben ɗana."

Hajiya ba ta ɗaga murya ba, amma maganar ta cika falon. Auta tana durƙushe a bakin kafet. A kujerar gefe Injiniya ne, wanda ya sa mata zoben da hannunsa, ya sunkuyar da kai kamar an aiko masa da rasuwa.

Laifinta ɗaya ne, ta faɗi abin da ta gani.

Auta mai bincike ce a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a. Aikinta rainon ƙwayoyin halittar jikin mutum a 'yan kwanukan gilashi, tana duba abin da ke cutar da su. Shi kuwa Injiniya ɗan mai masana'antar fenti ne, kuma shi ya ƙirƙiro sabon fentin da ruwa ba ya kama shi, datti ba ya zama a kansa. Sirrin fentin wata ƙura ce da ake sarrafawa, ƙanƙantarta ta kai a jera ɗaruruwa a faɗin silin gashi guda. A kan ƙurar nan suka haɗu. Ranar da ya kawo ta gwaji yana taƙama, Auta ta kore shi waje saboda ya shigo ba takunkumi. Tun daga ranar yake kiranta Hukuma, tun tana harararsa har ta koma amsawa da murmushi.

Ana shirin biki sakamako ya fito. Idan fentin ya bushe a bango, lafiya lau. Matsalar tana ga busasshiyar ƙurar da ma'aikata ke juyewa a ɗakin haɗi. Siffarta doguwa ce mai tsini kamar allura. A cikin huhu akwai ƙwayoyin da aikinsu haɗiye datti, to idan suka zo haɗiye wannan sai ta fi ƙarfin bakinsu, ta soke su, su fashe, wajen ya kumbura. Auta ta maimaita gwajin har ta gaji, tana addu'ar a ce ita ce ta yi kuskure.

Ba ta yi ba.

Sai ga Manaja, 'yar gwaggon Injiniya mai kula da tallan masana'antar, wadda dangi suka daɗe suna yi mata sha'awarsa. Ta kawo sakamakon wani ɗakin gwajin mai cewa fentin ba shi da illa, ta kuma raɗa wa Hajiya cewa wani kamfani ne ya sayi bakin yarinyar don a durƙusar da su.

Abin da ya kawo zaman falon ke nan.

Auta ta juya ta dubi Injiniya. Kalma ɗaya take jira daga bakinsa.

"Hukumata..." ya ce a hankali. "Ki bari a fitar da fentin kasuwa tukuna. Bayan biki sai mu duba."

"Su kuma masu shaƙarta, su daina numfashi sai bayan biki?"

Ya sake sunkuyar da kai.

Ta zare zoben, ta ɗora shi a kan teburin gilashi.

"Mama, zobe na ɗanki ne, ga shi. Amma abin da idona ya gani ba zan ce ban gani ba."

A gida Umma ta yi kuka, ta ce wace irin 'ya ce za ta watsar da aure saboda ƙura. Yayarta ta ce ai karatu idan ya yi yawa haka yake juya kan mace. Abba ne kawai ya tambaye ta ko ta tabbata da aikinta. Da ta ce ta tabbata, sai ya tura mata kwanon abinci ya ce ta ci, mai gaskiya ba ya kwana da yunwa.

Washegari ta miƙa sakamakon ga shugaban sashensu, kamar yadda aiki ya tanada, ta kuma aika wa Injiniya saƙo ta gaya masa, don kada ya ji a bakin wani. Bai ba da amsa ba. Ta yi kukanta a banɗakin ofis, ta wanke fuska, ta koma kan kwanukanta. Ko sau ɗaya ba ta kira shi ba, ko da yake sau da yawa takan tsinci yatsanta a kan lambarsa.

Wata rana da hantsi ta ɗago ta gan shi a bayan ƙofar gilashi. Ya rame. Bai shigo ba sai da ya ɗaura takunkumi ya sa safar hannu.

Ya gaya mata cewa zuciyarsa ce ta ƙi kwanciya, ya kira ɗakin gwajin da Manaja ta kai aiki. Suka ce busasshen fenti kawai aka ba su, ƙurar kuwa an ce musu ba sai sun taɓa ta ba.

"Nuna min," ya ce.

Ta kunna masa hoton da madubin gwaji mai girmama ƙananan abubuwa ya ɗauka. Ya ga ƙwayar halitta tana matsowa a hankali, ta buɗe ta rungumi allurar, ta yi ta fama, tsinin ya fito ta bayanta, ta fashe. Wata ta zo, ita ma haka. Ya tuna da masu shaƙar ƙurar. Mutanen ɗakin haɗin nan, wasunsu sun goya shi yana yaro.

"Ni na ƙera wannan," ya ce. "Ki yafe min, Auta."

"Ba ni za ka fara roƙo ba."

Daga nan masana'anta ya wuce. Ya fitar da kowa daga ɗakin haɗi, ya kulle, ya jefa makullin a aljihu. Mahaifinsa Alhaji ya yi faɗa kamar zai tsaga rufi, ya ce ɗan da ya haifa ne zai rufe masa masana'anta saboda mace. Injiniya ya durƙusa ya ce a yi masa duk hukuncin da aka ga dama, amma makulli ba zai fito ba. Ya kwashi ma'aikatan zuwa asibiti. Aka sami kumburi a huhun wasu, likita ya ce Allah ya sa an zo da wuri. Jin haka Alhaji ya sauko, Manaja kuma ta daina zuwa ofis ba tare da kowa ya kore ta ba.

Injiniya ya koma aiki. Ya gajarce ƙurar, ya kawo, Auta ta gwada ta ce ba ta yi ba. Ya yi mata rufi mai santsi, ya sake kawowa, ta sake mayar masa. Ya ce ko maƙiyinsa ba zai yi masa haka ba. Ta ce maƙiyi ai sa hannu zai yi ya bar shi ya faɗa rami. Sai da ya mayar da ita dunƙulalliya, ya kuma tsara a riƙa haɗa ta a jiƙe cikin rufaffen inji, sannan ƙwayoyin suka haɗiye ta suka ci gaba da rayuwarsu.

Ranar ta yi masa murmushin farko.

Hajiya ta aiko cewa ta amince a yi auren, da sharaɗin yarinyar ta zo ta ba da haƙuri. Umma ta roƙe ta ta je ta faɗa ko da a fatar baki ne. Auta ta yi kwalliya ta tafi, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta da ladabi. Hajiya ta gyara zama.

"Ina sauraronki."

"Gaisuwa na zo, Mama. Idan na taɓa ɗaga miki murya, ki yafe min. Amma gaskiyar da na faɗa, ko gobe aka tambaye ni zan maimaita."

Injiniya ya runtse ido.

Hajiya ta dube ta. Can ta juya ga ɗanta, ta ce muddin wannan yarinyar na raye, ba wanda ya isa ya cuci jikokin da za ta haifa mata. Ta kamo hannun Auta ta zaunar da ita kusa da ita.

"Tashi ka ba mu waje," ta ce masa. "Za mu tsayar da rana."