Benen da Zai Fi na Tsallake

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, Injiniya yana zaune a baranda da kofin shayi. Daga saman gidan da suke haya ana hango kogi, ana hango birnin tsallake da dogon benensu na gilashi, wanda hasken yamma kan haska shi kamar an cinna masa wuta. Tun da aka gama benen nan mutanen tsallake suka hana na wannan birni sakat. A rediyo gori, a motar haya gori. Ƙanin matarsa da ke zaune can ba ya kiran waya sai ya ce, "Yaya, in kuna son ganin gari ku zo mu hau da ku sama. Daga nan gidajenku kamar akwatunan ashana."

Shi ya sa da attajiran birnin suka haɗa kai suka ce sai an gina wanda ya fi shi, aka kuma ba Injiniya zanen, ya ji duniya ta yi masa daidai. Ga ginin can ta hagu, ƙarfe da siminti, yana tashi a inda wani tsohon kududdufi yake a da.

Yana cikin kallonsa wani abu ya faɗo a kan tebur, kofin ya fashe. Ya ɗaga kai. Rufi ne a samansa, ba ko tsaga. Ya ɗauki abin: tsakuwa ce, da ɗanyen siminti a jikinta, kuma da zafi kamar an ciro ta daga murhu.

Bai gaya wa kowa ba. Washegari da magariba jifan ya dawo, wannan karon a falo, ƙofa da tagogi duk a rufe. Daga nan kullum rana ta faɗi sai gidan ya ɗauki warin laka, ruwan famfo ya fito baƙi, a riƙa jin wani bugu daga ƙarƙashin daɓe, dum, dum, irin na injin da ke kafa ƙarfe a ƙasa. Maƙwabta na ƙasa suka ce su ba su ji komai ba.

'Ya ɗaya gare su, suna kiranta Auta duk da ba ta da yayye. Budurwa ce mai surutu, ita ta taya ubanta manna samfurin benen da kwali, wanda ke ajiye a kan tebur a falo. Sai ta daina magana. Ta daina cin abinci. Wata yamma uwarta ta same ta tsaye gaban samfurin, idanunta a buɗe ba ta ƙiftawa, tana murƙushe shi da tafin hannu, hawa bayan hawa.

"Auta, me kike yi haka?"

Yarinyar ta juyo a hankali. Muryar da ta fito ta tsohuwa ce, mai kauri. "Auta ba ta nan."

Aka kai ta asibiti, aka ɗebi jini, aka yi hoton kai, likita ya ce bai ga komai ba. Da suka dawo gida matar ta tsaya gaban mijinta. "Baban Auta, na bi taka. Yanzu ka bi tawa. Zan kira Malam."

Malam dattijo ne marar yawan magana. Ya iso ana gama sallar magariba, ya tsaya a bakin ƙofa ya shaƙi iskar gidan, ya ce a kashe talabijin, a kawo ruwa a kwano. Aka zaunar da Auta a kan kafet, uwarta na riƙe da ita ta baya. Ya fara karatu a hankali. Ɗakin ya yi tsit, sai muryarsa. Can tsakuwa ta fara zubowa a kewayensa, ko ɗaya ba ta taɓa shi ba. Bai ɗaga kai ba. Da ya kai wata aya yarinyar ta ƙwalla ƙara, ta banƙare, har uwar ta kusa sakinta.

"Ya isa, Malam! Kana ƙona ni!"

"Wace ce ke?"

"Mai gida ce. Wadda aka kora sau biyu."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ita ba komai. Tambayi mai zane."

Injiniya yana jingine da bango. Idanun 'yarsa suka sauka a kansa, amma ba kallonta ba ne.

"A tsallake nake tun kafin a san za a yi gari," in ji muryar. "Suka zo da benen gilashi suka rufe mini rijiya. Ban ce komai ba, na kwashi 'ya'yana na haye ruwa, na zauna a kududdufi. Sai wannan ya zo. An nuna masa fili a bayan gari, busasshe, ba kowa a ciki. Ya ce a'a. Ya ce a kan kududdufi yake so, don da yamma inuwar benensa ta haye kogi ta faɗa a kan nasu, ta kashe musu haske. Ƙarya nake, mai zane?"

Injiniya ya sunkuyar da kai. A taro ya faɗi maganar, aka yi masa tafi.

"Ƙaramin ɗana yana barci a cikin laka suka sauke masa ƙarfe. Don inuwa, Malam. Don a ce wane gari ya fi wane tsawo. To ni ma zan hau da tasa 'yar can ƙololuwa, in nuna mata gari, in sake ta."

Uwar ta fashe da kuka ta ƙanƙame 'yarta. Malam ya tsoma hannu a kwano ya yayyafa ruwa, yarinyar ta yi gurnani.

"An zalunce ki," ya ce. "Amma wani ba ya ɗaukar laifin wani. In kin taɓa ta, kin zama abin da kike kuka da shi. Faɗi abin da za ki karɓa."

"A rushe benen."

"Ba nasa ba ne. Kada ki ɗora masa abin da ba ya hannunsa."

Bugun nan na ƙarƙashin daɓe ya tsaya. Sai bakin yarinyar ya yi wani murmushi da bai taɓa yi ba.

"To hannunsa yana hannunsa. Ya cire shi daga ginin. Kada ya ƙara jan layin zane ko na ɗakin kaji har ya mutu. Ranar da za a buɗe benen ya tsaya a ƙasa cikin 'yan kallo, ya ji ana kiran sunan wani."

Malam ya juya ya dubi Injiniya. Wannan ne aikin da mutumin ya yi rayuwarsa yana jira. Matarsa ta ɗago ido ta dube shi, kallon da bai manta ba har tsufansa.

"Na yarda," ya ce.

"Da ƙarfi, in ji daɗi."

"Na yarda! Ki sakar mini 'yata!"

Malam ya sa aljanar ta rantse da Wanda ya halicce ta cewa ba za ta dawo ba. Ta ce, "Na rantse, na bar yarinyar nan, na bar gidan nan."

"Da kowane gida," in ji Malam da sauri.

Amma ƙafar Auta ta hagu ta riga ta girgiza, aljanar ta fice, jikin yarinyar ya saki. Ta buɗe ido ta ce da 'yar muryarta, "Mama, ƙishirwa." Malam ya daɗe yana kallon taga, bai yi murna ba.

Injiniya ya ajiye aikin a makon. Attajiran ba su roƙe shi ba, suka ɗauko wani matashi mai zafin nama wanda ya yi alkawarin ƙara wa benen tsawo. Injiniya ya same shi a wurin ginin da yamma, ya ja shi gefe, ya gaya masa komai bai rage ba. Matashin ya saurara cikin ladabi, sannan ya dafa kafaɗarsa.

"Baba, na san da ciwo mutum ya ga aikinsa a hannun wani. Ka je ka huta."

Ya nufi motarsa yana dariya. A kujerar baya ƙaramar 'yarsa cikin kayan makaranta ta leƙo ta taga, tana ɗaga wa Injiniya hannu.