Baƙon da Ya Ce Gafara

Maganin sauro Mero ta fita karɓowa, shi ke nan. Rana na dab da faɗuwa ta zura silifas, ta ce minti biyar, ta bi ta cikin itatuwan zaitun zuwa babban gida inda masu otal suke. Ta bar Sadiatu ita kaɗai a ɗaki, tana naɗe hannun riga za ta yi alwala.

Kwanansu biyu a wurin. Tsohon gidan gona ne a kudancin Italiya, tafiyar minti ashirin a mota daga birnin Lecce, irin wanda mutanen can ke kira masseria. Katangarsa ta farin dutse ce mai kauri, tsoffin rumbunan an mayar da su ɗakunan baƙi, zaitun kuwa iya ganin idonka. Mero ce ta gano shi a waya tana cikin bas a Handsworth, unguwarsu a Birmingham, ta jero wa Sadiatu hotuna har sha biyu, ta ce wallahi shekara guda kina shift a asibitin Salford kamar jakar niƙa, wannan karon sai kin huta. Ita ta yi booking, ita ta zaɓi ɗakin ƙarshe, can ƙuryar gona, wai don kada kowa ya dame su.

Tun uni, wato jami'a, suke ƙawance, kuma tun uni suke faɗa a kan Hausa. Iyayen Mero Zazzagawa ne, na Sadiatu kuwa 'yan Zangon Kumasi. A gidan su Sadiatu, mai zuwa yakan tsaya a bakin ƙofa ya ce gafara, na ciki ya amsa. Mero, da ta tashi da sallama, ta mayar da wannan abin tsokana. Ko banɗakin jirgi za ta shiga sai ta ja murya ta ce, “Gaaafara, 'yar Gana.” Sadiatu ta ce mata aƙalla ita Hausarta ba ta da ƙamshin Birmingham.

Da safiyar ranar, mai gidan, wata dattijuwa Sinyora Nunziya, ta zagaya da su gona. Kimanin taku arba'in daga ɗakinsu ta nuna musu wata gajeriyar ƙofa a jikin dutse, an gitta mata sarƙa, matakala ta gangara cikin duhu. Ta ce wurin matse man zaitun ne na zamanin kakanni, a ƙarƙashin ƙasa. Wai maza kan sauka da kaka tare da jakinsu mai juya dutse, ba sa sake ganin rana sai watan Mayu. Mero ta nemi a shiga a ɗauki hoto. Sinyora ta yi murmushi, ta ce ita dai a nan aka haife ta, kuma ba ta taɓa wuce matakala ta uku ba. Wani wari ne ke tasowa daga ramin, na tsohon mai da jiƙaƙƙen dutse da dabba.

Sadiatu ta manta da wannan duka. Ta idar da alwala, ta shimfiɗa tawul a ƙasa tana neman alƙibla da waya. A waje gyare na ta kuka, kamar yadda suke yi tun isowarsu.

Sai suka yi shiru. Dukansu, lokaci ɗaya.

“Gafara.”

Daga bakin ƙofa. A hankali, an ɗan ja tsakiyar kalmar.

Ko waiwayawa ba ta yi ba. Dariya ma ta yi. “Shigo mana, sarkin iyayi.”

Sakata ta yi ƙas. Ƙofa ta buɗe kamar faɗin tafin hannu, ta tsaya, ta koma ta rufe.

Sadiatu ta juyo da baƙar magana a bakinta. Babu kowa. Jakar Mero na nan a kan kujera, labule bai motsa ba. Sai wari. Tsohon mai, jiƙaƙƙen dutse, dabba.

Gadon da ke kusa da ƙofa ya yi ƙara. Tana kallo gefen katifa ya lotsa, sannu a hankali, kamar yadda take yi idan babban mutum ya zauna ya saki gajiya.

Wayar hannunta ta yi haske. Saƙon murya ne daga Mero. Yatsanta ne ya danna, ba ita ba.

“Sadi, the lady ta tsare ni da hira fa, sai ɗura min biskit take yi. Give me ten minutes.”

A bayan muryar ana jin cokula da dariyar Turawa.

A nan ne maganar Mma Wasilatu, mahaifiyarta, ta faɗo mata, maganar da ta ji sau ɗari tana yarinya ta ɗauka tsegumin tsofaffi ne. Ba a cewa shigo sai an ce wane ne. Ɗan Adam yana da suna, zai faɗa. Wanda ba shi da sunan faɗa, ƙofa ta fi ƙarfinsa, sai dai in kai ka buɗe masa da bakinka.

Wa zai ce gafara a ƙauyen Italiya?

Ta fara ayatul kursiyyu, harshenta ya sarƙe a layin farko. Ta sake. Ya sake sarƙewa. Ƙofa tana bayan gadon, taga kuma ƙarfe ne a gicce. Ta ja da baya har ta jingina da bango, ta kira Mma a gidansu na Salford.

Mma ta ɗauka a bugu na biyu. Ana jin mai na soyuwa a kasko, da ƙararrawar tram, jirgin ƙasan cikin gari, can nesa. Sadiatu ta raɗa mata abin da ya faru, kalma na cin karo da kalma. Ƙarar kasko ta ɗauke.

“Kin tambayi suna?”

“A'a, Mma.”

“Kin ce shigo?”

Ta ce eh. Mma ta yi salati ƙasa-ƙasa. Ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗan ban tsoro. Ta ce tunda an ce masa shigo ya zama baƙo, baƙo kuwa ba a korarsa, raka shi ake yi. Ta tambaya ko akwai sauran ja a sama. Sadiatu ta leƙa taga, ta ce akwai, kaɗan. Mma ta ce to ta yi maza, domin idan jan nan ya ɓace yana ɗakin, ya kwana ke nan, wanda ya kwana kuwa ya zama ɗan gida, duk inda ta sa ƙafa nan ne gidansa, har flat ɗinsu na Salford.

“Ki wuce gaba. Kada ki waiwaya. Ki kai shi ƙofarsa, amma kada ki taka masa gida. Ki ce sauka lafiya, ki kama bakinki. Kin ji ni? Ko kalma ɗaya kada ki ƙa...”

Layi ya yanke.

Katifa na nan a lotse.

Sadiatu ta fuskanci gadon. Muryar da ta fito daga bakinta ta ƙaramar yarinya ce.

“Bari in taka maka.”

Shiru.

Sannan katifa ta taso.

Dole ta bi ta gefen gadon kafin ta kai ƙofa. Ta bi. Iskar wurin sanyi ne da ita kamar an buɗe firij, kuma akwai numfashi a cikinta, mai nauyi, daidai saman kanta. Ta kama sakata. Sakatar na da santsi. Mai.

Waje ya yi duhu-duhu. Ja ya rage siriri a bayan zaitun, kamar bakin wuƙa. Ta sa ƙafa a tsakuwa, babu takalmi.

Ƙaras. Takunta.

Ƙaras. Ba nata ba.

Ta tafi tana ƙirge. Goma. Goma sha biyar. Na bayanta ba ya sauri, ba ya jinkiri, sai dai takunsa ba daidai yake ba: ɗaya tafin ƙafa ne, ɗayan kuwa yana bugun dutse da ƙarfi, kamar kofato. Wuyanta na ƙaiƙayin juyawa. Ta kafe idonta a kan babban yatsanta.

Ashirin da biyar. Can nesa fitilun babban gida na ci, ana jin kiɗa siriri. Da ta yi ihu da sun ji. Da sun ji da Mero ta rugo, ta same shi a hanya. Ta cije leɓe.

Talatin da takwas.

Sarƙar tana ƙasa, a naɗe tsaf, kamar wani ya ajiye ta da kulawa.

Ta tsaya a bakin matakala, ta raɓa gefe. Daga cikin ramin wani sauti ke tasowa, wanda babu shi da safe. Gurr. Gurr. Dutse na juyawa a kan dutse.

Numfashin ya matso kunnenta.

“Ƙara taka min kaɗan.”

Muryar Mero ce, har da dariyar nan tata ta hanci.

Sadiatu ta girgiza kai.

“Sadiatu, baƙo ne fa. Matakala uku kawai. Haka na koya miki?”

Wannan karon Mma ce. Sak. Har da gajiyar da ke muryarta idan ta dawo aiki. Sadiatu ta ga ƙafarta ta dama ta ɗaga da kanta, ta miƙa, tana shawagi a kan matakalar farko. Sanyin ramin ya lashi tafin ƙafar.

Jan sama saura zare.

Ta damƙi dutsen ƙofa har farcenta ya karye. Zafin ne ya dawo da ita. Ta janye ƙafar.

“Iyakata nan,” ta ce. “Sauka lafiya.”

Ba abin da ya motsa.

Sannan wani abu ya goge ta a kafaɗa, mai tsawo, ya daɗe yana wucewa. Tafi, kofato. Tafi, kofato. Yana sauka. Sautin na raguwa, warin na binsa.

Numfashin da ta riƙe tun daga ɗaki ya fita gaba ɗaya. Kuma da shi ne sauran maganar ta fita, domin bakin da aka horar tun yana shekara huɗu a kan rakiyar baƙi bai san a tsaya a sauka lafiya ba. Yana da ƙarashe. Kafin hankalinta ya kamo shi, ya ƙarasa.

“A gaida mutan gida.”

Dutsen ya tsaya.

Shiru, irin wanda kunne ke yi wa ƙara.

Sai daga can ƙasa, ba murya ɗaya ba, ba goma ba, maza da yawa, a tare, cikin ladabi:

“Muna amsawa.”

Taku ya fara haurowa.

Ba ta san lokacin da ta juya ba. Rassan zaitun na dukan fuskarta, tsakuwa na yanka ƙafarta, ba ta ji. Fitilu kawai take kallo. Ta yi karo da mutum, suka zube tare, gwangwanin maganin sauro ya gangara cikin ciyawa.

“Sadi, lafiya? Ke da wa?”

Ta riƙe fuskar da hannu biyu. “Faɗi sunanki.”

“Are you serious?”

“Faɗi sunanki.”

“Mero. Maryam Gimba. Me ya same ki?”

Gyare suka ci gaba da kuka, kamar ba su taɓa dainawa ba.

Ba su koma ɗakin ba. Sinyora Nunziya ta dubi kafaɗar rigar Sadiatu, inda baƙin mai ya ja layi tun daga wuya har gwiwar hannu, ta yi alamar gicciye a ƙirjinta, ba ta tambayi komai ba. Ita da kanta ta tuƙa su zuwa Lecce, da safe ta aiko musu da kayansu.

A Salford, Mma ta saurari labarin har ƙarshe tana jan carbi. Da aka zo kan gaisuwar, carbin ya tsaya. Ta ce baƙon dai an raka shi, ba shi da sauran haƙƙi a kanta. Amma wanda aka aika wa gaisuwa, in mai mutunci ne, wata rana yakan tako ya yi godiya.

Rigar sun ƙona ta. Man zaitun bai sake shiga kicin ɗinsu ba. Mero kuwa, in ta zo daga Birmingham, tun daga ƙasan bene take kiran waya ta faɗi sunanta cikakke, har da na uba, kuma ba wanda ya sake jin kalmar gafara a bakinta.

Kaka ta wuce, hunturu ya wuce, ba a ji komai ba. Sadiatu ta fara barci ba tare da fitila ba.

Ran nan, farkon watan Mayu, ta dawo daga aiki ana dab da magariba. Mma ta tafi gaisuwar haihuwa a Withington. Ta cire takalmi, ta ɗora ruwan shayi. Tram ya wuce a ƙasa. Sai ta lura tsuntsayen da ke kan bishiyar bayan gida sun yi shiru.

Warin ne ya fara shigowa, ta ƙarƙashin ƙofa.

“Gafara.”

Ba murya ɗaya ba.

Ta kashe wuta a hankali. Ta tsaya a tsakiyar kicin, ta sa hannu biyu ta toshe bakinta, domin ta san halinsa. Sai da ta tabbata ita ke riƙe da shi, sannan ta ɗan buɗe yatsu.

“Su wane ne?”

Ta ji ana raɗe-raɗe a bayan ƙofa, kamar masu shawarar wanda zai fara.

Har aka yi isha, babu wanda ya faɗi suna.