Ruwan da Mannir Ya Ɗebo

Kwana biyu Mannir direba yana tuƙi daga tuddan rairayin Yobe, inda ya kai baƙi kallon tafkunan da damina ke bari. Bayansa kamar zai tsinke. Gab da Malumfashi, da magariba, ya tsaya zuba wa lagireton motarsa ruwan jarkar da ya ciko a can.

"Sannu da hanya, ɗan nan," in ji wata tsohuwa a bayansa. "Ka wahalar da ni."

"Iya, daga ina?"

"Inda ka ɗebi ruwa ba sallama."

Zanenta na ɗiga. A kan jar ƙasar nan, sawunta farin rairayi ne. Ya miƙa mata jarkar.

Ta girgiza ta, ta dube shi.

"Saura wanda ka sha."