Tayin Da Ba A Janyewa

Kamar kowace Lahadi, Gunvor ta cika tebur da dankali da curin nama da romo, sai ka rantse mutum goma take jira. Alhali su uku ne kacal: ita, da ɗanta tilo Eilif, da Ranveig, yarinyar da zai aura a watan Yuli. Ta bari sai da kowa ya kai loma baki, sannan ta nuna taga da cokali.

"An sa gidan maƙwabcina marigayi Oddvar a kasuwa. Ga shi can, ko takalmi ba sai ka ɗaure ba ka isa."

Ranveig ta ajiye cokalinta a hankali. "Gunvor, ai mun gama magana ni da Eilif. Sashen nan na hawa na uku muke so, a benen da muke haya. Da ƙafa nake zuwa asibiti daga can."

"Sashe! Akwati dai. Maƙwabci ya yi tari ki ji, ya ja ruwan banɗaki ki ji. Ko fentin ƙofarki za ki canza sai an kira taro an ɗaga hannu. Ga kuɗin haɗaka kowane wata har ki mutu. Wannan ne mallakar gida?"

"Kuɗin nan shi ke gyara rufi, shi ke kwashe ƙanƙara. Gidan Oddvar kuwa rufinsa yoyo yake. Ni ungozoma ce, idan aka kira ni ba zan ce wa mai naƙuda ta jira na yi tuƙin awa guda ba. Kuma banki ba zai ba mu kuɗinsa ba."

"Zai bayar. Zan jinginar da gidan nan na tsaya muku."

Duka biyun suka juya suka dubi Eilif. Shi kuwa gogan naka ya duƙufa yana ɓare dankali, kamar ɓare dankalin ne ya kawo shi duniya. Yaron kirki ne, wallahi, sai dai tun rasuwar mahaifinsa kalmar "a'a" ta ɓace masa a gaban uwarsa.

A mota, kan hanyarsu ta komawa birnin Trondheim, ya kama hannun Ranveig ya ce, "Ki kwantar da hankalinki. Ba abin da zan yi sai da ke."

Ranar Juma'a ta dawo daga aiki ta tarar da shi zaune a bakin gado, fuska ba jini.

"Ranveig... na taya gidan Oddvar."

"Ka yi me?"

"Mama ce ta kira ni tana kuka. Muka je banki tare. Na tura wa dillali tayin ta waya, zai tsaya har tsakar ranar Litinin."

"To ka janye!"

Ya sunkuyar da kai. Ita ma ta san maganar banza ta yi. Tayi idan ya isa kunnen mai gida ya zauna ke nan, ba a janye shi. Idan aka sallama, ka saya, ko kana so ko ba ka so.

Hawaye suka zubo mata. "Gidanmu na farko, Eilif! Ka taya shi da uwarka, ni kuma sai labari? Ba rufin ne ya ƙona min rai ba, ba nisan ba ne. Ka dubi idona ka yi min alkawari."

"Na rasa yadda zan yi ne..."

"Ka san yadda za ka yi mana, ga shi ka yi."

Ta zare zoben baikonta ta jefa cikin kofin da ke kan tebur. "Idan aka sallama maka, sai ku tare kai da ita. Ni ba zan shiga gidan da ba a tambaye ni ba."

Washegari da safe ta ɗauki mota ta nufi wajen Gunvor, cikinta fal maganganu. Ta shirya su tsaf a hanya, har da waɗanda ba su dace ba. Ta ƙwanƙwasa, shiru. Ta tura ƙofa ta shiga kicin, sai ta tsaya cak.

Katifa ce shimfiɗe a ƙasa kusa da murhu, da bargo, da ƙaramar rediyo. An rufe ƙofar matakalar sama, an toshe ƙasanta da tsumma. Gunvor na zaune tana fama da maɓallin riga da hannu ɗaya, ɗayan hannun ya kumbura a wuyansa.

"Wa ya ce ki shigo?" Gunvor ta faɗa da kaushin murya, tana ƙoƙarin tura katifar da ƙafa.

Ranveig ta matso kusa. Ta durƙusa ta kama hannun ta duba. "Wannan ai tsohon targaɗe ne. Yaushe?"

"Ba ruwanki."

"Gunvor."

Tsohuwar ta kau da kai. "A tsakiyar sanyi. Ina kwashe ƙanƙara a ƙofar gida na zame. Na kasa tashi. Na yi ta kira, na yi ta kira. Da Oddvar na da rai da ya hango ni ta taga. Da rarrafe na shigo." Ta nuna ƙofar matakalar. "Tun ranar ban ƙara hawa sama ba. Ranar Lahadi nake ɓoye katifar. Kada ki kuskura ki gaya wa Eilif."

Nan take duk maganganun da Ranveig ta ƙunso suka narke. Tausayi ya kama ta har ya fi ƙarfin fushinta. Ashe ba gidan Oddvar matar nan take so ba, fitila take so ta gani a kunne a tagar maƙwabta.

Ranveig ta saka mata maɓallin, ta miƙe. "Ɗauko rigar sanyinki. Yau aikin gayya muke a benenmu, hannu ya yi mana kaɗan."

"Ni? Na je na share wa 'yan akwati tsakar gida?"

"To zo ki ga akwatin, ki samu abin zagi na gobe."

Wannan kam ta karɓu. Gunvor ta shiga mota tana ƙunƙuni.

Sun tarar duk mutanen benen sun fito. Masu share ganye na yi, masu fentin benci na yi, yara na jan buhunan shara. Eilif na kan tsani yana wanke fitilar ƙofa, da ya hango uwarsa saura kaɗan ya faɗo. Gunvor ta tsaya gefe ta harɗe hannu, ta sha kunu. Ba ta jima ba ta hango wani tsoho mai suna Torleif yana datse itacen fure.

"Kai malam! Aski kake masa ko yanka? Wa ya koya maka?"

"Shekara ashirin nake datse shi, baiwar Allah."

"Shi ya sa shekara ashirin bai yi fure ba. Ba ni almakashin!"

Da hannu ɗaya ta karɓe aikin, kafin ka ce me ta tara mutum huɗu tana ba su umarni. Da aka fito da kofi da waina da jan cuku, ta ɗanɗana ta ce ƙullun ya yi ruwa, ta ci uku.

Ana cikin ci Torleif ya waiga. "Ina Aslaug ta hawa na biyu? Ban gan ta ba yau."

Wata mata ta ajiye kofinta ta haye sama da sauri. Jim kaɗan ta leƙo ta taga. "Lafiyarta lau, mura ce! Ku miƙo mata waina!"

Gunvor ta dubi Ranveig. "Don ba ta fito ba kawai aka je?"

"Haka muke. Idan ba a ga mutum ba, sai a ƙwanƙwasa."

Da yamma aka mayar da Gunvor gida, tana waiwayen tagar Aslaug.

Ranar Litinin su uku suka zauna a kicin ɗinta, wayar Eilif a tsakiyar tebur. Ranveig ta zo ne don ta ji da kunnenta, yatsanta ba zobe. Ana dab da tsakar rana wayar ta yi ƙara. Eilif ya karanta saƙon.

"Dillali ne. Wasu sun taya sama da ni. Yana tambaya ko zan ƙara."

Tunda an taya sama da shi, tayinsa ya daina ɗaure shi. Sa'a ce ta buɗe masa ƙofa, ba dabararsa ba. Amma fita ta ƙofar, wannan aikinsa ne. Ya dubi uwarsa.

"Mama, ba zan ƙara ba. Ko sisi. Tun farko bai kamata na taya ba tare da Ranveig ba. Ki yi fushi idan za ki yi, amma gidan da zan saya, da matata zan zaɓe shi."

Ya runtse ido yana jiran hadari. Gunvor ta dube shi sama da ƙasa.

"Shekara talatin ina jiran ranar da za ka yi min musu, sai yau da ba ni da niyyar faɗa." Ta juya. "Ranveig, a hawan ƙasa na akwatin nan naku, ana taɓa samun mai tashi?"

Ranveig ta fashe da kuka da dariya a haɗe. Eilif ya zaro zoben daga aljihu, don tun Juma'a yake yawo da shi.

"Ki yafe min."

"Na yafe. Amma daga yau ko kujera za ka taya, sai na zauna a kanta tukuna."

Sun sayi sashen hawa na uku, aka ɗaura aure a Yuli. Kafin sanyi ya dawo Gunvor ta sayar da babban gidanta ta tare a hawan ƙasa, inda har yanzu take zagin kuɗin haɗaka kowane wata, kuma ba ta taɓa fashin taro ba.

Masu shirin sayen gidan farko, ku yi ta auna lambu da bene, ku auna nisa da rufi, duk daidai ne. Amma kada ɗayanku ya taya shi kaɗai, domin gidan da aka saya a bayan idon masoyi ba ya zaunuwa. Kuma idan babba ya kafe a kan abu, ku yi haƙuri ku duba abin da yake tsoro kafin ku mayar masa da magana. Da Ranveig ta zazzage abin da ta ƙunso a ranar Asabar ɗin nan, da ta yi nasara a gardama ta rasa mutum biyu.

Yanzu idan ta taso daga asibiti da la'asar, duhun sanyi ya riga ya rufe gari, fitilar farko da take gani ita ce ta tagar Gunvor. Takan ƙwanƙwasa gilashin ta wuce. Daga ciki sai a ɗaga murya: "Ina nan da raina! Goge takalminki kafin ki hau!"