Tabarau Mai Ruwan Zinariya

"Sakar mini fantekar nan, Asibi."

"Wallahi Inna ba zan saki ba."

"Ki saki na ce..."

Na ƙara ƙanƙame ta a ƙirjina. Atamfa turmi biyu ce a ciki, da sabulu, da kwalbar turare, kayan na-gani-ina-so da dangin Shitu suka kawo gidanmu a Ƙofa wata biyu da suka wuce. Da safen nan Baba ya ce a mayar musu da abinsu kafin Juma'a.

"Ke ba ki ga goshin ubanki ba ne?" in ji Inna.

Na gani mana. Jiya da la'asar ya fito daga masallaci, ya ɗaga ƙafa zai sauka daga dakali, ya taka inda babu ƙasa, sai ji aka yi ya kife. A gaban jama'a, da tabarau ɗin da Shitu ya ba shi maƙale a fuska.

"Inna, ki ba ni kwana ɗaya. Ɗaya tak."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta saki bakin fantekar ta koma ga tukunyarta. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, ni kuwa na ɗauke shi a matsayin e.

Shitu mutumin Bebeji ne. Wani kamfani a Kano yake sayar wa tabarau na gyaran gani, abin da a wancan lokaci, shekarar 1955, sai a fuskar malaman En'e ake ganinsa. Akwatin katako yake ɗaurawa a bayan keke ya bi kasuwanni, Kiru, Yako, Burumburum, Tudun Wada, har Doguwa gindin duwatsu. Sai ya yi sati uku bai kwana a ɗakinsa ba.

A kasuwar Ƙofa na fara ganinsa, ina tallar ƙosai. Kamfani ya ba shi wani kwali mai baƙaƙen boko wai a riƙa gwada mutane da shi, to wa zai karanta? Sai ya ajiye kwalin ya koma allura da zare. Ranar wata tsohuwa ce a gabansa, ya saka mata wannan ya cire, ya saka mata wancan ya cire, har ƙosaina ya huce bai gaji ba. Da zare ya shige kafar allura tsohuwar ta fashe da kuka, ta ce rabonta da haka shekara tara. Ni ba ita na kalla ba, shi na kalla. Fuskarsa ta yi wani irin haske kamar shi aka yi wa kyauta, kuma tun daga nan zuciyata ta daina jin maganata.

Baba kuwa, Malam Balarabe, ɗinkin babbar riga yake yi, ba a Ƙofa kaɗai aka san hannunsa ba. Sai dai shekara biyu ke nan ni nake zura masa zare. Da Shitu ya ji haka, sai ya zo gaisuwa da kyauta. Ina leƙe ta ƙofar zaure na ga ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya tsuguna, kai a ƙasa, ya miƙa tabarau mai ruwan zinariya da hannu biyu. Baba ya saka ya ce, "Madalla, Allah ya yi albarka." Shi ke nan.

Tun daga ranar Baba bai cire shi ba sai in zai yi alwala ko barci. Kai ya riƙa sara masa, ido yana ruwa, aikin rigar dagaci da ke hannunsa ya karkace.

Sai ga Gwadabe, ɗan wan Baba mai awon gyaɗa, wanda ya neme ni na ce ban yi ba. Shi ya bi rumfa-rumfa yana cewa gilashin nan tsotse ruwan ido yake yi, wanda bai yarda ba ya je ya ga Malam Balarabe. Magana kuwa ta fi keke gudu.

Washegari ranar kasuwa ce. Ko ƙosai ban soya ba, na zari mayafi na tafi. A gindin tsamiyar da ya saba zama na same shi, akwati a ɗaure ko kwancewa bai yi ba. Ya rame, ƙafafunsa sun yi futu-futu.

"Mai tabarau, ba ciniki ne yau?"

Ya ɗago. "Asibina... Na ji abin da ya sami Baba. Tun daga Yako ake nuna ni da baki."

"To me ka yanke?"

"Gobe zan mayar musu da akwatinsu da kekensu. In koma gona, ko Baba ya huce."

"Ka bar aikin?"

"Aikin me, abar ƙaunata? In taya ta fashe ni zan liƙe. In ruwa ya tare ni, zauren mutane zan roƙa in kwana. In na koma Kano maigida ya tsare ni da faɗa, wai abokan aikina kwana goma suke ƙarar da akwati, ni sai wata. Wai in daina wasa da allura, in miƙa, in karɓa, in hau keke."

"Ka taɓa yin hakan?"

"Allah ya kiyaye. Ido ne fa. Ban taɓa ba wa mutum ba tare da na gwada shi ba."

"Ko sau ɗaya?"

Ya buɗe baki, ya rufe.

Tun a hanya abin yake mini yawo a rai. "Ka gwada Baba?"

"Haba Asibi. In tsaya a kansa? In kama kunnensa in maƙala masa, in zuba masa ido ina tambayarsa ya gani ko bai gani ba? Mahaifinki fa."

"To wanne ka ba shi?"

"Wanda ya fi kowanne kyau a akwatin."

"Ba kyau na tambaye ka ba."

Ya sunkuyar da kai. "Mai ƙarfi ne ƙwarai... na tsofaffin da ganinsu ya kusa tafiya."

"Ka gaya masa ya cire in zai yi tafiya, kamar yadda kake gaya wa kowa?"

"Ta yaya zan ce wa suruki saka, cire?"

Raina ya ɓaci har na ji hawaye ya zo. Mutumin da zai ɓata rabin yini a kan tsohuwar da bai sani ba, shi ne ya miƙa wa ubana abu ido rufe saboda kunya! Garin neman gira an rasa ido ke nan.

"Ka ji kunyar kallon idonsa," na ce, "ba ka ji kunyar fasa masa goshi ba."

"Ki yafe mini..."

"Ba ni ka yi wa ba. Bayan azahar ka zo da akwatin nan. Kada ka shiga zaure, ka zauna a bayan zana."

"In yi me a can?"

"Ka yi aikinka. Ni zan zame maka hannu."

Zuwa azahar na kasa zaune na kasa tsaye. Na share tsakar gida sau biyu, har Inna ta ce in bar mata ƙasar gidanta. Da na ji ƙarar keke na leƙa, ya zauna inda na ce. Na ɗauki faifai na je ya jera mini tabarau shida a kai.

A zaure na sami Baba da tsumma ɗaure a goshi, Gwadabe a gefensa yana kwance wani ƙullin maganin ido. Na durƙusa.

"Baba, barka da hutawa."

Ya dubi faifan. "Mene ne wannan?"

"Kayan yaron nan ne, Baba," in ji Gwadabe. "So take ta ƙarasa maka ɗan ganin da ya rage."

"Yaya Gwadabe, da ubana nake magana."

"Na ce ba na son ganinsa," in ji Baba.

"Ba za ka gan shi ba. Ni za ka gani. Baba, don Allah ka gaya mini gaskiya, ranar da ya ba ka tabarau ɗin can, ka ga daidai?"



"Tun da na saka na ga duniya tana iyo," ya ce.

"Me ya hana ka faɗa?"

"Ke yarinya ce. Yaro ya tsuguna ya ba ka kyauta, ka ce masa ba ta yi ba? Ko ka cire ka ajiye, a ce ka raina?"

Na rasa dariya zan yi ko kuka. Maza biyu, kowa yana kare mutuncin ɗan'uwansa, ni kuma aurena yana shirin mutuwa a tsakaninsu.

Na miƙa masa allura da zare, na saka masa na farko da hannuna.

"Dishi-dishi."

Na biyu.

"Wannan ya fi muni. Cire."

Ni kam, ai ba ya jin nauyin faɗa mini. Daga bayan zana sai muryar Shitu, ƙasa-ƙasa: "Asibi, ki ce ya riƙe allurar daidai inda ya saba riƙewa, kada ya miƙa hannu."

Na faɗa. Na uku ya ɗan yi dama-dama, zare ya taɓa kafar ya goce. Gwadabe ya yi tsaki. Saura uku a faifai, kuma na san in suka ƙare fanteka za ta fita gobe.

"Ki tsallake na huɗu," in ji murya. "Ba shi baƙin nan na ƙarshe."

Wani mummuna ne mai bakin waya, ko kyauta aka ba ni ba zan karɓa ba. Na maƙala masa. Baba ya lashi bakin zare, ya ɗaga allura.

Ya shige.

Ya zare, ya sake zurawa. Ya sake shigewa. Sai ya jawo rigar dagaci ya shimfiɗa a cinya, ya bi aikin da yatsa yana girgiza kai.

"Ni na yi wannan ɓarnar?"

"Asibi," in ji Shitu, "ki ce masa na ɗinki ne da karatu kawai. In zai tashi ya cire..."

"Ina jin ka," in ji Baba da ƙarfi. "Ido ne ya yi rauni, ba kunne ba. Shigo."

Gwadabe ya tattara ƙullinsa ya ce ana jiransa a wajen awo. Ba wanda ya tsayar da shi.

Shitu ya shigo ya zube a bakin ƙofa. "Baba, na yi kuskure. Na ba ka ban gwada ka ba. In ka yarda zan bar aikin nan in kama noma."

"Kana son aikin?"

"Da wahala, Baba. Amma in mutum ya ga abin da ya daɗe bai gani ba... ina so."

"To manoma sun yi mana yawa a Ƙofa. Ka riƙe akwatinka. Sai dai kada ka ƙara miƙa wa mutum abu ido a rufe, ko ubanka ne." Ya juyo gare ni. "Ke kuma, je ki ce wa uwarki ta mayar da kayan nan ɗaki."

Na tashi. Amma ban tafi ba, na laɓe a bakin ƙofa, halina ne.

Baba ya cire tabarau ya ajiye, ya warware dogon zare daga ƙwarya.

"Miƙe tsaye."

"Baba?"

"Miƙe na ce. Ba a gwada mutum a tsugune. Ware hannuwanka."

Shitu ya miƙe yana kallon ƙasa, Baba ya ɗora zaren daga wannan wuyan hannu zuwa wancan, ya ƙulla.

Wata uku Baba ya yi yana ɗinka wa Shitu babbar riga, bai bari na zura masa zare ko sau ɗaya ba. Bayan kaka aka ɗaura aurenmu, kuma ita angona ya saka.